Jibi, Gurasa da Guzuri: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto mini cewa ya ga sanarwa a ƙofar wani coci an rubuta "Ranar Lahadi akwai Jibin Ubangiji", sai ya tsaya yana lissafi. Ranar Laraba ce ya gani, jibi kuwa Juma'a ke nan, to ina Lahadi ta shigo? Ya ce in warware masa.

Ɗan'uwa, rubutun boko ne ya yaudare ka, domin ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Kalmomi biyu ne suka sa riga ɗaya. Akwai jibi ta lissafin kwana, wadda ke bin gobe, gata da citta na biye da ita. Akwai kuma jibi mai nufin abinci, wanda aka girka aka zauna aka ci a lokacinsa, kamar yadda tsofaffi kan ce jibin dare. Kada kuma ka haɗa su da jiɓi mai lanƙwasa, wato gumi. Na taɓa ganin takardar da mai buga ta ya sa lanƙwasar inda ba ta dace ba, ya mayar da abinci zufa.

Wannan jibi ta biyu ta kusa ɓacewa daga bakin 'yan birni. Tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar a Kano ko ya ci jibi, zai ce maka ai jibi ba ta zo ba tukuna. Abin sha'awa shi ne coci ya zama rumbun da kalmar ta samu mafaka. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya yi wa hidima shekara da shekaru a ƙasar Zazzau, kuma Hausar wancan zamani ta bar sawunta a bakin masu ibada har yau. Jibin Ubangiji ibada ce da Kiristoci ke cin gurasa su sha ruwan inabi don tunawa da abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, kuma asalin furucin yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11, aya 20. Kalmar Girkanci da ke wurin, deifnon, sunan babban abincin yamma ne, wanda iyali ko abokai ke zama su ci tare. A ganina wanda ya zaɓi jibi ya san abin da yake yi. Da ya ce abinci, da ya faɗi abin da ake ci kawai, tunda abinci "abin ci" ne aka haɗe. Da ya ce biki ko walima, da ya kawo kiɗa da hayaniya. Jibi ta ɗauko zaman da lokacin da mutanen gaba ɗaya.

Za ka ji wasu sunaye biyu na wannan ibada. Tarayya Mai Tsarki, daga tara da taru, fassarar kalmar Girkanci koinoniya ce ta sura 10 a wannan wasiƙa, inda Bulus ke cewa gurasar ɗaya ce, don haka masu cinta, duk yawansu, jiki ɗaya ne. Gwamnatin tarayya ta sa mun fara jin kalmar da ƙamshin ofis, amma ainihinta haɗa hannu ne a kan abu guda. Ni da za a bar ni da son raina, da na tuna wa mutane ciyayya, wato al'adar nan da maƙwabta kan fito da akusansu ƙofar gida bayan magariba, kowa ya sa hannu a na kowa. Ɗaya sunan kuma Yukarist, wanda 'yan Katolika da 'yan Angalika suka fi amfani da shi, aro ne daga Girkanci, ma'anarsa godiya, domin Yesu ya yi godiya kafin ya gutsuttsura gurasar.

Wata malama daga Kafanchan ta tambaya: "Me ya sa a coci muke cewa gurasa, alhali abin da muke gani ya fi kama da burodi ko ɗan biskit?"

Malama, burodi baƙon jiya ne, daga Ingilishi ya zo, tare da gwangwanin gashi da wuƙar yanka. Gurasa ta girme shi nesa ba kusa ba. Daga Larabci take, daga ƙurs, abu mai faɗi zagayayye, kuma fatake Larabawa ne suka shigo da ita Kano. In kin taɓa tsayawa a Jakara da sassafe kin ga yadda ake yinta: mace ta ɗebo kwaɓin alkama, ta mulmula, ta fyaɗa shi a tafin hannu, ta sunkuya ta manna a jikin tanderu mai zafi, bayan ɗan lokaci ta ɓamɓaro shi yana tururi. Ba a yanka gurasa, yagarta ake yi, a miƙa wa na kusa. To abin da mutanen Falasɗinu ke ci a zamanin Yesu ya fi kusa da wannan, kuma shi ya sa labarin ke cewa ya gutsuttsura ya ba su. Gwada sa burodin yanka a cikin labarin ki ji yadda zai yi banbaraƙwai.

Sai dai akwai abin da gurasa ba ta iya ɗauka ba. A can, ita ce abincin yau da kullum, wanda in babu shi gida ya kwana da yunwa. A wurin Bahaushe gurasa marmari ce, ta bandashe da ƙuli da mai. Abincin da rai ya dogara a kansa tuwo ne. Don haka in Bahaushe ya ji Yesu ya kira kansa gurasa mai ba da rai a Bisharar Yahaya sura 6, sai ya sa nauyin tuwo a zuciyarsa kafin ya fahimci maganar. An yi ta ne ga mutanen da suka ci suka ƙoshi jiya, suka biyo shi hayin teku suna neman ƙari. Suka tuna masa da manna da kakanninsu suka ci a jeji. Shi kuma ya ce kakannin sun ci manna amma sun mutu, wanda ya ci wannan gurasa zai rayu har abada. Manna ɗin ma, a Littafin Fitowa sura 16, an danganta sunanta da tambayar da Isra'ilawa suka yi da suka gan ta a ƙasa, wato "mene ne wannan?" Musulmi sun san ta daga Suratul Baƙara, inda aka ambace ta tare da salwa.

Tambaya ta uku ta fi nauyi, daga wani bawan Allah a Maraɗi. Ya ce shi Musulmi ne, abokin kasuwancinsa Kirista, ya ji shi yana maganar cin jiki da shan jini, gabansa ya faɗi. Ya ce, "Malam, a Hausa wannan ai maganar maita ce."

Alhaji, ba kai ka fara jin haka ba. A cikin Yahaya sura 6 kanta an ce almajirai da yawa sun ce magana ce mai wuya, suka koma da baya. A ƙarni na biyu kuma Romawa sun riƙa zargin Kiristoci da cin naman mutane, har marubutansu suka yi ta rubuta kariya. Girkancin Yahaya ma bai sassauta ba. Sauran marubutan Bishara da Bulus sun yi amfani da soma, wato jiki. Yahaya ya ɗauki sarks, wato nama, kuma daga aya ta 54 ya koma wani fi'ili da ya fi kusa da tauna. Hausa na da wannan bambanci daidai wa daida: jiki mutum ne, nama kuwa na mahauta ne.

Amma kai Bahaushe ne, ka san babu fi'ilin da ya kai ci faɗi a harshenmu. Muna cin kasuwa, muna cin sarauta, muna cin bashi, muna cin amana, wuta na cin gida, ba kuwa wanda ya ga haƙori. Saɓanin Kiristoci a junansu ma kusan a nan yake, wato wane irin ci ne wannan? 'Yan Katolika sun ce ainihin gurasar da ruwan inabin na juyewa ya zama jiki da jinin Almasihu, kamanni da ɗanɗano ne kawai suka rage, kuma majalisar coci ta Lateran ta 1215 ta rubuta haka, ta Tirent ta jaddada a 1551. A cikin jagororin Furotesta kuwa, Martin Luta ya ce Almasihu na nan da gaske tare da gurasar. Zuwingili ya ce alama ce ta tunawa. Su biyun sun zauna a Marbog ta Jamus a 1529, suka daidaita a kan batutuwa goma sha huɗu, suka rabu a kan wannan. Kalbin ya bi tsakiya, ya ce ci ne na gaske amma ta bangaskiya. Ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne, nawa kalmomi ne. Abin da zan iya gaya maka shi ne babu ɗayansu da ke nufin abin da maye ke yi.

Wannan ya kawo ni ga gyaran da nake so in yi wa masu fassara. Na ga an rubuta "abincin kurwa". Kul! Kurwa ita ce abin da maye ke kamawa ya ci, don haka wanda ya rubuta haka ya tabbatar wa Alhajin Maraɗi tsoronsa. Abincin ruhu ya fi, ko abinci na ruhaniya. Haka kuma rai da rayuwa ba ɗaya ba ne. Rayuwa zaman duniya ce, tana tsada, tana sauƙi, tana ƙarewa. Rai shi ne abin da ke sa a rayu, shi ya sa ake cewa rai madawwami ko rai na har abada, kalmomin dawwama da abada duka aro daga Larabci. Bahaushe ya ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Duk wanda ya ga ɗan goro yana buɗe huhu yana yayyafa ruwa ya san in aka yi sakaci kwana kaɗan goron zai bushe. Malaman Kirista ma kusan haka suka faɗa da nasu harshen. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya ce abin da abinci ke yi wa jiki shi wannan jibi ke yi wa ruhu: ya riƙe shi, ya ƙara shi, ya gyara abin da ya lalace, ya kuma faranta masa. Tun kafin shi, a farkon ƙarni na biyu, Ignatiyus na Antakiya ya kira gurasar maganin rashin mutuwa.

Wani ya tambaya ko "kowa ya ci zomo ya ci gudu" ta dace da wa'azi a kan cewa mutum kan zama abin da ya ci. A'a. Na san dalilin da ya ja hankalinka, domin Agustin na Hifo, wani malamin Kirista na dā, ya rubuta cewa abincin duniya shi ke juyewa ya zama mai cinsa, wannan kuwa mai cin ne ke juyewa ya zama abincin. Tunani ne mai kyau, amma karin maganar ba ta san shi ba. Gudun da ake nufi na mafarauci ne, ba na zomo ba, ma'ana ba a samun abu sai an sha wuyarsa. In ka ɗora ta a kan abin da Kiristoci ke cewa kyauta ce ta alheri, ka faɗi kishiyar abin da kake nufi, kuma tsofaffin da ke bencin gaba za su gane.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Jos. Mahaifinta na kwance rai a hannun Allah, fada, wato limamin coci, ya zo da ɗan ƙaramin gwangwani zagayayye a rataye a wuyansa, ya ciro gurasar, ya gutsura kaɗan saboda haɗiya ta yi wuya, ya sa masa a harshe, aka bi da cokalin ruwa. Ta ji ya ambaci wata kalma ta Latin, tana so ta san Hausarta.

Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Kalmar biyatikum ce, daga biya, wato hanya. A wurin Romawa tana nufin abinci da kuɗin da matafiyi ke ɗauka. Hausarta guzuri, babu ragi babu ƙari, kuma da wuya in ga kalmomi biyu na harsuna masu nisa sun faɗa kan juna haka. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai, domin majalisar coci ta Nikiya ta shekarar 325, a dokarta ta 13, ta ce kada a hana mai mutuwa wannan guzuri na ƙarshe, har ta kira abin tsohuwar ƙa'ida tun a lokacin.

Bambancin jibi da guzuri shi ne jibi a zaune ake ci, cikin mutane, guzuri kuwa na mai tashi ne. Ba mai tafiyar ke haɗa wa kansa ba galibi, wanda zai bari a gida ne ke haɗa masa. Ina tuna daren da zan fara tafiya makarantar kwana, mahaifiyata ta zauna gaban fitila tana ƙulla dakuwa da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi a ƙyalle, tana cewa kada in buɗe sai yunwa ta kama ni a hanya. Ban kai tasha ta biyu ba na buɗe. Maƙwabtanki Musulmi ba za su yi baƙunta da kalmar ba, don su ma suna cewa guzurin lahira, kuma aya ta 197 a Suratul Baƙara ta ce mafi alherin guzuri shi ne taƙawa. Sai dai a can guzurin aikin bawa ne da tsoron Allahnsa, a naku kuwa abin da aka ba mahaifinki, bisa koyarwar cocinku, shi ne Almasihu da kansa ya zama abin ci a hanya kuma abokin tafiya, tare da alkawarin da ke Yahaya 6:54 na tashi a ranar ƙarshe. In za ki ba dangin da ke ƙauye labari da Hausa, ki ce musu fada ya zo ya ba Baba guzurinsa.