Tsohon injin katako mai rawa da gurnani: a gyara ko a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gāji injin aikin katako a wurin mahaifina, irin wanda ya haɗa zarto da fere katako da huda rami a jiki ɗaya. Yanzu rawa yake, yana barin tudu-tudu a fuskar katako, wani lokaci kuma moton sai gurnani, ba ya tashi sai na ja bel da hannu. Abokan sana'a sun ce in sayar wa 'yan gwangwan. Mece ce shawara? Daga wani kafinta a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka sayar. Muddin teburin ƙarfen zubi ne, bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, injinka na da sauran rai. Duk abin da ka lissafa ƙananan kaya ne da suka gaji.

Amma don Allah ka daina jan bel da hannu. Ranar da moton ya kama, da yatsu zai tafi. Gurnanin nan yawanci kwandansa ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji tana taimaka wa moton ya tashi. Zare wuta, a sauke cajin da ya rage a cikinta, ka karanta lambar da ke jikinta ka sayo irinta daidai. Kada ka yarda a kwance maka kwayil ɗin moton kafin a gwada wannan.

Rawar kuwa, boris nake zargi, wato wanda sandar wuƙaƙen fere katako ke juyawa a cikinsa. Cire bel, ka juya sandar wuƙaƙen a hankali. In ka ji gurus-gurus kamar da yashi a ciki, ko ka ɗaga ta ka ji tana motsi, ya ƙare. Lambarsa na gefensa: 6204 raminsa milimita 20, 6205 kuma 25. Nemi mai alamar 2RS, wato mai murfin roba gaba da baya, domin dusar katako da ƙurar hunturu su ne ajalin boris. Canja biyun tare. Wajen sakawa kada ka buga guduma a kansa. Sa guntun bututu a zoben ciki ka tura a hankali. Na sha ganin sabon boris ya lalace tun wajen ɗaurawa, abin yana ba ni takaici.

Tudu-tudun kuma wuƙa ɗaya ce ta ɗara 'yan'uwanta tsayi, ita kaɗai ke ci. Bayan an wasa su, ɗora miƙaƙƙen katako a teburin baya, wato wanda katako ke hawa bayan ya wuce wuƙaƙen, ka juya sandar da hannu. Kowace wuƙa ta ja katakon daidai yadda 'yar'uwarta ta ja, a dama da hagu. Sannan ka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe.

Bel in ya tsattsage, canja shi. Tsatsar teburi, kananzir da sanfefa mai laushi sun isa, sai ka goga kakin zuma. Kada ka shafa baƙin mai: dusa yake kamawa, ya kuma ɓata katakon da za a yi wa fenti.