Waya, Tabilet, Laftof ko Kwamfutar Tebur: Wacce Ta Dace da Mai Cinikin Domen?

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin tambayoyi da amsoshi kan fasaha. Saƙonnin wannan makon da yawa sun karkata wuri ɗaya, wato sana'ar sayen sunayen shafukan intanet, waɗanda ake kira domen, a ajiye har a sami mai saye da riba. Na zaɓo biyar daga ciki, na kuma taƙaita su.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kano: Malam, ban jima da fara sayen domen ba, yanzu ina da guda shida, kuma da wayata nake komai. Abokina ya ce wannan harka ba ta yiwuwa sai da kwamfuta. Ina da 'yan kuɗi a hannu, in sayi laftof ne ko in ƙara jari?

Amsa: Ɗan'uwa, da domen shida wayarka ta ishe ka. Riƙe kuɗinka tukuna, ga dalili.

Domen ba abin da ake saya a mallaka har abada ba ne. Haya ce ta shekara-shekara. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da rajistar duk sunan da ya ƙare da .com, kai kuma kana biya ta hannun kamfanonin rajista irin su Namecheap, GoDaddy, Dynadot ko Porkbun, yawanci tsakanin dala 10 zuwa 20 da 'yan kai a shekara. Masu ƙarewa da .ng kuwa suna ƙarƙashin hukumar NiRA, kuma ana iya biyan kuɗinsu da naira. Labaran da ke jawo matasa cikin harkar gaskiya ne: an sayar da Voice.com a kan dala miliyan 30 a 2019. Amma waɗanda suka daɗe a cikinta suna yawan cewa in kana da suna ɗari, ka sayar da ɗaya ko biyu a shekara, to kana kan hanya. Sauran casa'in da takwas ɗin kuma kowanne na jiran kuɗin sabuntawa. Wanda ya kwashe jarinsa ya sayi na'ura mai tsada, shi ne za ka ga shekara ta zagayo yana sakin sunayensa masu kyau saboda babu dalar da zai biya.

Duk da haka abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi gaggawa. Wannan sana'a ba ta wahalar da injin kwamfuta, ido da yatsu take wahalarwa. Ranar da ka fara tace sunayen da wa'adinsu ya ƙare, ranar za ka gane. Buɗe shafin ExpiredDomains.net a waya ka gani: dubban sunaye ne ke shigowa kullum, a jere cikin jadawali mai ginshiƙai da yawa, wannan na shekarar da aka fara rajista, wannan na yawan shafukan da ke nuni gare shi, wancan na tsawon sunan. Fuskar waya ginshiƙi uku ko huɗu kawai take nuna maka. Kana jan jadawalin gefe don ganin lissafi, sunan da kake dubawa ya ɓace daga ido, sai ka dawo baya ka sake nemo layin.

Kuma suna ɗaya ba a sayensa da kallo ɗaya. Sai ka duba NameBio ka ga nawa aka sayar da makamantansa. Sai ka leƙa Wayback Machine ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kansa, domin sunan da aka yi caca ko damfara da shi yakan zo da baƙin jini a wajen Google. Sai ka bincika ko alamar kasuwancin wani kamfani ce, a rumbun hukumar WIPO ko na ofishin USPTO na Amurka, saboda tun 1999 akwai tsarin UDRP da ke ba mai alamar damar kai ƙara a karɓe sunan daga hannunka, kuɗinka kuma ya tafi. A laftof waɗannan shafuka suna buɗe kafaɗa da kafaɗa. A waya mai ƙaramin RAM kuwa, kana komawa shafin farko sai burauza ta sake lodo shi daga tushe.

Akwai kuma abin da na fi ji wa masu waya tsoro: kuskuren rubutu. Allon rubutun waya yana gyara kalma da kansa, kuma a ƙaramin rubutu haruffan r da n in suka haɗu kamar m suke. Mutum ya biya kuɗi yana murna ya tsinci dami a kala, sai daga baya ya lura ashe harafi ɗaya ya sauya. Kafin ka danna biya, karanta sunan harafi-harafi da babbar murya.

A ganina, muddin sunayenka ba su kai ashirin ba, kuma ba ka fara tace jerin sunaye kullum ba, zauna a waya, ka rubuta ranar ƙarewar kowanne a littafi. Idan aikin ya wuce nan, laftof ta zama dole.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Ni na riga na yanke shawarar sayen laftof, amma ta hannu zan iya. Me zan duba kada a cuce ni?

Amsa: Ta hannu ba laifi ba ce, ƙanena, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Nemi irin waɗanda kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu, domin an ƙera su don juriya kuma kayan gyaransu na nan a kasuwa: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5 da tsararrakinsu. Za ka same su a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja.

Abu na farko, duba furosesa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama. Lambar ce za ta gaya maka: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-7300U na 7 ne. Kada ka dogara da sunan samfurin kawai, domin samfuri ɗaya kan zo da furosesa iri biyu. Na'urar da za ka riƙa shiga asusun da dukiyarka take ciki bai kamata ta zama wadda aka daina toshe wa ɓaraka ba. RAM kada ya gaza 8GB, in da hali 16GB, saboda shafuka ashirin a buɗe su ke cinye shi. Ma'adanar ta zama SSD, 256GB ya isa. Fuskar kuma nemi mai 1920 da 1080. Masu 1366 da 768 sun fi araha, amma ginshiƙan da za su nuna maka kaɗan ne, ka ga an koma gidan jiya.

Batir shi ne inda ake yawan cutar mutane. Kada ka tsaya a kan maganar baki cewa tana awa shida. A gaban mai shagon, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da zai fito. Za ka ga lambobi biyu, ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya sauka kusan rabin na farko, a sauya batir ko a rage kuɗi. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, ka gwada kowane maɓalli. In ka kai gida, goge komai ka ɗora sabuwar Windows da hannunka, kada ka shiga asusunka a kan wadda ka tarar, musamman idan cike take da manhajojin da aka fasa. Ba ka buƙatar kwamfutar wasanni, ba ka buƙatar MacBook. Linzami na 'yan kuɗi kaɗan zai fi ƙara maka sauri a jadawalin Excel fiye da ƙarin ƙarfin furosesa.

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Gusau: Ina da kwamfutar tebur mai ƙarfi a shago. An ce mai kwamfuta mai sauri shi ke fara cafke domen idan ya faɗo. Haka ne?

Amsa: Alhaji, ba haka ba ne. Idan mai .com bai sabunta ba, sunan ba ya faɗowa nan take. Kamfanin rajista na iya riƙe shi har kwana 45, sannan a shiga kwana 30 da mai shi zai iya fanso shi da tara, sannan kwana 5 na jiran gogewa. Da yawa daga cikin masu kyau ma ba sa kaiwa nan, kamfanin rajistar ke sa su a gwanjo tun da wuri. Waɗanda suka kai ga faɗowa kuwa, kamfanoni irin su DropCatch da SnapNames ke wawure su cikin ƙiftawar ido, da manyan sabobi da ɗimbin lasisin rajista. Babu kwamfutar gida da za ta riga su. Abin da ake yi shi ne a ba su oda tun kafin ranar, in an sami fiye da mutum ɗaya a yi gwanjo.

Inda kwamfutar tebur ta yi fice shi ne zama na dogon lokaci: babbar fuska, ko ma biyu, jadawali a ɗaya bincike a ɗaya, ga kujera da ba ta karya wuya. Matsalarta wuta. Gwanjon nan da agogon Amurka suke tafiya, kuma Najeriya na gaban New York da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka da yawa suna rufewa da yamma ko da daddare a nan, lokacin da ƙila ka rufe shago. A gwanjon GoDaddy, duk tayin da ya shigo a mintuna biyar na ƙarshe yana ƙara wa agogo lokaci, cinikin da ka zaci ya ƙare sai ya yi ta ja. In aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, kwamfutar tebur ta mutu nan take, kafin janareta ya tashi an buga ƙararrawa. Ita da fuskarta kan ci wat ɗari ko fiye, alhali cajar laftof ta ofis wat 45 zuwa 65 ce, wadda ƙaramar sola ke iya ɗauka.

Tunda kana da ita, yi amfani da ita wajen bincike da rana, ka sa mata UPS, wato na'urar batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Game da gwanjo kuma, saka iyakar abin da za ka iya biya tun da wuri, tsarin zai riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan har iyakar. Wannan ya raba ka da fargabar wuta, ya kuma raba ka da zafin zuciyar da ke sa mutum ya taya abin da bai yi niyya ba. Abu ɗaya zan roƙe ka: kwamfutar da yara da kwastomomi ke soka wa filash, kada ka bar asusun domen ɗinka a buɗe a kanta. Ga wanda bai sayi komai ba tukuna, laftof da fuska ta biyu a haɗe da wayar HDMI ta haɗa amfanin duka biyun.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Maraɗi: An ba ni kyautar tabilet. Za ta iya wannan aikin?

Amsa: Hajiya, za ta iya wani ɓangare. Tana da daɗi wajen karanta jerin sunaye da duba kasuwa, batirinta kuma na daɗewa. Ki saya mata allon rubutu mai Bluetooth, ki kuma saita burauza ta riƙa buɗe shafuka irin na kwamfuta. Inda za ta gajiyar da ke shi ne manyan fayilolin jadawali da ake kira CSV da sauya farashin sunaye da yawa a lokaci ɗaya. Tunda kyauta ce, ki fara da ita. Amma ba zan ce wa kowa ya cire kuɗi ya sayi tabilet musamman don wannan sana'a ba.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Jos: Na sami imel daga wani da ya ce zai sayi domen ɗina a kan dala dubu goma sha biyar, amma sai na fara biyan kuɗin takardar kimanta daraja a wani shafi da ya turo. A waya na karanta, komai ya yi kama da gaskiya. In biya?

Amsa: Kada ka biya, ɗan'uwa, ko sisi. Wannan tsohuwar damfara ce a wannan harka. Shafin kimantawar nasu ne, kuɗin takardar shi ne abin da suke nema, kana biya mai sayen ya ɓace. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya don ya saya.

Ka ce a waya ka karanta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar imel a waya takan nuna sunan da mai aikowa ya zaɓar wa kansa, ta ɓoye cikakken adireshin sai ka taɓa. A kwamfuta kana ɗora linzami a kan mahaɗi ka ga inda zai kai ka kafin ka danna. A waya sai ka danne shi na ɗan lokaci, abin da mutane kaɗan ne ke tunawa. Don haka duk saƙon da ya shafi kuɗi, ko ya ce asusunka na cikin haɗari, kada ka bi mahaɗinsa. Rubuta adireshin kamfanin da hannunka a burauza.

Wannan ba ya nufin a ajiye waya. Ita ce mai gadin sana'ar, ko da kana da laftof. Ita ke sanar da kai tayi ya shigo daga shafukan cinikin domen irin su Afternic ko Sedo kana cikin kasuwa, ka amsa kafin mai saye ya huce. Ita ce kuma mabuɗi na biyu na asusunka. A nan ka kula sosai: lambar sirri ta SMS ta dogara da layinka, kuma ɓarayi na iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layin kan sabon sim. Yi amfani da manhajar tantancewa irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa lokacin saitawa, rubuta su a takarda ka adana inda kake ajiye takardun gida, kada ka ɗauke su hoto a wayar da za a iya fizgewa a hanya. Sa wa sim ɗin kansa PIN. Buɗe imel na daban don domen kawai, domin wanda ya shiga wannan imel ɗin ya kusa shiga komai.

Game da cinikin, bar sunan a kulle a wajen kamfanin rajista, kuma lambar canja wuri da ake kira EPP kada ta fita daga hannunka sai kuɗi ya shiga wajen amintaccen mai shiga tsakani. Mayar wa wanda ya aiko maka imel ɗin amsa gajeriya: ka yarda da farashin, ba za ka sayi wata takarda ba, a yi cinikin ta Escrow.com ko Sedo ko Afternic, kai kuma ka buɗe cinikin da kanka daga asusunka, ba ta mahaɗin da zai turo ba. In da gaske yake, zai biya ta can.