Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙarar jirgin yaƙi take biyo shi a baya?

Tambaya: Muna yara a Sakkwato, da jirgin yaƙi ya ratso sai mu watse daga makarantar allo mu ɗaga kai, amma inda ƙarar take daban, inda jirgin yake daban. Me ke kawo haka? Kuma hayaƙin nan kore da fari da jirage suke fesawa a bikin 1 ga Oktoba, daga injin yake fita? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, sauti bai kai saurin da ake zato ba. A cikin iska mita 340 yake ci a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, haske kuwa nan take yake isowa ido. Ɗauki jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet, wanda Najeriya ta saya a farkon shekarun 1980. In yana gudun kilomita 800 a awa, mita 220 ke nan kowace daƙiƙa. Idan tsakaninku kilomita ɗaya ne, kafin ƙararsa ta iso kunnenka ya yi gaba da mita 660. Don haka in ka ji ƙara, kai idonka can gabanta.

Wannan daban yake da ƙarar nan mai kamar tsawa, wadda ake ji in jirgi ya zarce saurin sauti, kimanin kilomita 1,200 a awa. Alpha Jet ba ya kaiwa nan. Jiragen yaƙi samfurin MiG-21 da F-7 suna kaiwa. Ba a yarda a yi hakan ƙasa-ƙasa a kan gari ba, domin yana iya fasa gilasan tagogi.

Hayaƙin kuwa ba na injin ba ne. Tanki ne daban ake cikawa da mai marar kauri. Matuƙi ya danna maɓalli, famfo ya tura man ta siririn bututu zuwa bakin salansa, zafin iskar da ke fita ya mayar da shi farin tururi. Kore kuma rini ake zubawa a ciki. In an rage wuta da yawa, zafi ya yi ƙasa, man ba ya turara sosai, sai ya ɓata jelar jirgin. Iska mai ƙarfi tana tarwatsa layin, hazon hunturu irin namu kuma yakan dusashe launin.

A irin wannan biki, abin da ya fi hatsari shi ne tafiyar jirage a jere, domin matuƙin da ke gefe jirgin jagora kawai yake kallo, tazararsu 'yan mitoci ce. A Satumbar 2018 jiragen F-7 biyu sun yi hatsari a Abuja lokacin gwajin bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Allah ya jiƙansa.