Tambaya da Amsa: Na gama saƙa mayafin leshi amma duk ya tattare

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Ina saƙa da allura biyu dan ɗebe kewa, to na yi wani mayafi mai huji-huji irin na leshi da zaren ulu siriri, amma da na sauke shi daga allura sai na ga duk ya tattare ya cukurkuɗe, zanen ganyen ma ba a gani, girmansa ko kusa da na hoto bai kai ba. In warware ne ko ya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki kuskura ki warware, babu abin da ya lalace, haka kowane mayafin leshi yake saukowa daga allura kamar tsumman goge-goge, ko wace gwana ce ta saƙa shi kuwa. Saura miki aikin ƙarshe, wato jiƙawa da kafewa, kuma shi ne yake buɗe hujin nan har zanen ya fito.

Ki fara da soke bakin zaren da ya rage a cikin saƙar amma kar ki yanke tukuna, dan in mayafin ya miƙe zaren zai ja ciki, in kin riga kin yanke sai ya zame. Ki samu ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan ki sa sabulu mara ƙarfi, ki nutsa mayafin ki bar shi kamar minti 20 ya sha ruwa sosai, banda cuɗawa banda murzawa kuma banda ruwan zafi, dan ulu in ya haɗu da zafi da cuɗa sai gashin ya cuɗe da juna ya dunƙule kuma wlh babu mai dawo miki da shi. Ki tallafo shi da hannu biyu, ki shimfiɗa kan tawul ki naɗe ki danna ruwan ya fita. Daga nan sai ki baza shi a kan katifa ko wani abu da fil zai shiga, ki fara kafe gefen sama ya miƙe sambal, ki ja tsakiya, sannan ki bi kowane tsini na bakin mayafin ki ja ki soka fil. Ki riƙa aunawa da tef dan kar hagu ya fi dama tsawo. Ja shi da kyau kar ki ji tsoro, ulu mai laima yana miƙewa fiye da yadda kike zato, sai dai in kin ɗaure layin ƙarshe da ƙarfi to nan ne zai ƙi ba ki haɗin kai, shi ya sa ake rufe bakin leshi sako-sako ko da allurar da ta fi girma.

Fil ɗin ya zama wanda ba ya tsatsa, wannan kam ina nanatawa dan tabon tsatsa a farin ulu ba ya fita da daɗi. Kuma kar ki cire sai ya bushe ƙarau, in da sauran laima komawa zai yi. Duk ranar da kika wanke shi sai kin sake kafewa.

Tambaya: Anti ni nawa zaren roba ne, akirilik, na jiƙa na kafe amma ina cire fil ya koma yadda yake.

Amsa: Eh ai dama zai koma 'yar uwa, ruwa ba ya yi wa roba komai. Nata maganin tururi ne, ki kafe shi a bushe ki ɗauko dutsen guga mai tururi ki riƙe a sama da shi, kar ki bari ƙarfen ya taɓa zaren dan narkewa zai yi. Amma ki sani in ya miƙe ya miƙe kenan har abada, kuma in kin cika tururin sai ya saki ya yi laƙwas, dan haka ki gwada a ɗan guntun saƙa tukuna. Ni dai in za a sha wahalar leshi gara a nemi ulu, ko ulu da aka gauraya da siliki.

Tambaya: Kullum ido ɗaya ko biyu, wato madaukan zaren da ke kan allura, sai ya ɓace min a layi, in na zo warwarewa kuma komai ya rushe.

Amsa: Yawanci naɗin zaren nan da ake yi a kan allura dan ya ba da huji shi ake mantawa, to lissafi sai ya ragu. Ki sa ƴan zobe tsakanin kowane maimaicin zane ki riƙa ƙirgawa kafin ki wuce. Sannan duk sanda kika gama zane ɗaya lafiya, ki zura wani zare mai santsi mai launi daban ta cikin duk idanun da ke kan allura ki bar shi a nan, in kuskure ya zo sai ki warware zuwa wajen zaren ya tare miki.

Tambaya: Wai da gaske ne akwai mayafin da yake wucewa ta cikin zobe?

Amsa: Da gaske ne. Masu saƙa na tsibiran Shetland a Sikotilan sun yi suna da shi, musamman tsibirin Unst, haka ma na Orenburg a Rasha da suke kaɗa zarensu da lallausan gashin akuya. Zaren ne siriri ƙwarai, kuma ƴan Shetland ɗin ma sai sun wanke sun ɗaure shi a jikin firam na katako ya bushe a miƙe. Amma ke da kike farawa kar ki ɗauko wannan zaren yanzu, ki nemi mai ɗan kauri da allura mai milimita 4 ko kusa da haka yadda za ki riƙa ganin idanun saƙarki.