Kafin ki biya cikon kuɗin bukkar bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, muna zaune da yarana a wani gari na gabar kudu. Wani dattijo ya yi mini tallar bukkarsa ta katako, irin waɗanda ake jerawa a bakin teku, a kan fam 30,000. Ya ce da zarar na biya ta zama tawa har abada, kuma lokacin zafi ina iya ba da ita haya. Na tura masa fam 3,000 kafin alƙalami ta banki. Daga baya wata abokiyar aikina ta ce ai filin na ƙaramar hukuma ne. Cutata aka yi? In nemi kuɗina, ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abokiyar aikinki ta yi miki rana, domin galibin waɗannan bukkoki haka suke. Katakon, da rufin, da ƙofar, na mai bukka ne. Ƙasar da aka ɗora su a kai ta ƙaramar hukuma ce ko ta wani mai fili, kuma abin da ke hannun mai bukka lasisi ne na ajiye ta a wurin, wanda akan sabunta shekara-shekara. Kamar rumfar kasuwa ce a gida: ke kika kafa, ke ke ciki, amma ranar da hukuma ta ce za ta tashi layin, jinka da ƙyaure kawai za ki kwasa.

To ki dubi farashin da idon basira. Kafinta zai haɗa miki irin wannan ɗaki a kan kuɗin da bai kai kusa da haka ba. Mafi yawan fam 30,000 ɗin kuɗin gurbi ne. A Mudeford da ke yankin Dorset a kudancin Ingila an sa wa wasu bukkoki farashin da ya haura fam 400,000, alhali filin ba na masu su ba ne. Saboda haka takardar lasisin ita ce ainihin hajar, kuma ban ji kin ce kin gan ta ba. Wannan ya fi damuna a kan fam 3,000 ɗin.

Kotu ta taɓa duba irin wannan. A shari'ar Gilpin da Legg ta 2017, wasu masu bukkoki a Portland Bill, su ma a Dorset, sun daɗe suna biyan mai fili kuɗi duk shekara, suna ganin zamansu ya kafu. Babbar Kotu ta ce bukkokin kaya ne da ake iya ɗagawa, ba su zama ɓangaren ƙasa ba, zaman kuma haya ce ta shekara zuwa shekara, kuma takardar sallamar da mai fili ya ba su ta yi daidai. Daɗewa a wuri ba ta ba su abin da takarda ba ta ba su ba. Shi ya sa kalmar “har abada” da dattijon ya faɗa miki ba ta da gindin zama, sai fa idan yana da takardar mallakar fili ko ta doguwar haya. Akwai irin waɗannan, amma ba su da yawa, kuma tabbatarwa ba ta da wuya: a duba rajistar filaye ta HM Land Registry.

Batun kuɗinki ya rataya ne a kan abin da kuka faɗa wa juna. A dokar Ingila, kafin alƙalami na gaskiya jingina ce cewa za a cika ciniki, don haka mai saye da ya fasa don ra'ayin kansa yakan rasa shi. Amma ke kina da ƙofofi. Idan kuɗin na riƙe miki kaya ne kafin a ƙulla yarjejeniya, ana mayar da shi. Idan ya gaya miki abin da ba haka yake ba, kika dogara da shi kika biya, kina da ikon warware cinikin, kuma Dokar Bayanin Ƙarya ta 1967 tana ba da damar neman diyya ko da bai yi da gangan ba, sai in ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na gaskata abin da ya faɗa. Mutumin da ke biyan kuɗin lasisi duk shekara zai sha wahalar cewa bai san filin ba nasa ba ne. Haka kuma idan hukuma ta ƙi mayar da lasisin sunanki, kin biya kuɗin abin da ba za ki samu ba ke nan, kina da hujjar neman a mayar miki. Ki adana saƙonninku na waya, da hoton tallar, da shaidar banki, tun yau. Maganar baka shaida ce, amma musunta ta ba wuya. In ya ƙi biya, ki rubuta masa wasiƙar neman haƙƙi da wa'adin kwana 14, sannan ki shigar da ƙara a sashen ƙananan da'awa na kotun yanki, wanda ke sauraren abin da bai wuce fam 10,000 ba, kuma ba dole sai da lauya ba.

Ban ce lallai ki fasa ba. Mai yara a garin bakin teku yana morar irin wannan wuri, ga inda za a sauya kaya, a dafa shayi, a yi salla a asirce. Idan ranki na so, ki kira ofishin da ke kula da bukkoki a ƙaramar hukumar da kanki, ki ba su lambar da ke jikin ƙofar. Ki tambaya sunan wa ke kan lasisin, ko akwai bashi, da ko ke kin cancanta. Sharuɗɗa sun bambanta daga gari zuwa gari. A Hove da ke gabar kudu, sai mazaunin birnin Brighton da Hove ake sayar wa, wanda ya saya ba ya sayarwa sai ya shekara 3, har launin fentin jikin bukkar an ƙayyade. A mafi yawan wurare an hana kwana a ciki. Mudeford na cikin 'yan tsirarun da ake bari, shi ma daga Maris zuwa Oktoba. Ba da haya kuwa, wasu hukumomi sun hana ƙwaƙƙwaran hani, wasu sai da izini da ƙarin kuɗi. In kin yi lissafin mayar da kuɗinki ta hanyar haya, wannan sharaɗin za ki fara nema a cikin lasisin.

Sai kuɗin sauya suna. Wasu hukumomi na karɓar wani kaso na farashin, wasu ninkin kuɗin lasisi na shekara. Ku rubuta wanda zai biya tsakaninku. Ki tuna ranar da ke ma za ki sayar, wannan kuɗin zai ci daga ribarki, kuma kafin lokacin ki nemi akanta kan harajin riba. Harajin sayen fili ba ya hawa kan lasisi zalla, amma bankuna ba sa ba da rancen gida a kan bukka, akan kuma sa mata harajin wuraren da ba na zama ba, ko da yake da yawa na samun rangwame.

Ki je da kafinta ya leƙa ƙarƙashin daɓen, ya danna katakon ƙasa da sukundireba, domin iskar gishiri daga nan take fara ci, fenti sabo kuma yana rufe ruɓa. Wannan a kanki yake: a Dokar Sayar da Kaya ta 1979, mai sayarwar da ba sana'arsa ba ce yana da alhakin kayan su zama nasa kuma su dace da yadda ya siffanta su, amma bai lamunce miki ingancinsu ba. Ki nemi farashin inshora kafin ki saya. Tumbatsar teku ta Disamba 2013 ta farfasa bukkoki a gabar gabas, kuma lasisi da yawa sun ce hukuma ba ta da alhakin sama miki wani gurbi idan ruwa ya cinye naki.

In komai ya yi daidai, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar bukka, farashi, kayan ciki, da sharaɗin cewa ciniki bai tabbata ba sai hukuma ta amince a rubuce, in ta ƙi a mayar miki da fam 3,000 ɗinki cif. Cikon fam 27,000 ya zauna a asusun lauyanki, a sake shi ranar da lasisi ya fito da sunanki.