Amsa: Jini a jikin kajina amma ban ga ciwo ba

Malam, kan tambayarka cewa kana ganin jini a akurki da jikin wasu kajin amma baka gano daga ina yake fita ba. Ni dai abu na farko da zan ce, ka kama su daya bayan daya da daddare da tocila, lokacin basa guje-guje, ka daga fiffike ka bude gashin wuya da gindin wutsiya ka duba. Sau da yawa sabon gashi ne mai fitowa ya karye, shi yana da jini a cikin karansa, kuma yana zuba kamar an yanka ta alhali abin dan karami ne. Haka zanko (jan naman saman kai) ko farce idan ya makale a waya.

Matsalar ita ce kaji in suka ga ja basa hakuri, tsattsaga zasu yi ta yi har su bude wajen, nima na taba rasa daya haka cikin yini guda wallahi, don haka ware mai jinin tukuna. Ka danne wajen da tsumma mai tsabta, ka wanke da ruwan dumi da dan gishiri, ka shafa aidin.

In a gadon bayanta ne, duba kafar zakaranka, faratansa kan ji mata ciwo in ya hau ta. Amma fa in jinin cikin kashin da take yi yake kuma ta takure, wannan koksidiyosis (wata cutar hanji) ake zargi, nemi likitan dabbobi da wuri. Kuma ka sa maganin bera kwanan nan? Wasunsu hana jini daskarewa suke yi in kaza ta ci.