Maigidana yana ɗauke da HIV, ni gwaji ya nuna babu

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu 7 da aure, 'ya'yanmu biyu, ƙaramin watansa 8 yana kan nono. A ƙauye muke zaune, tafiyar awa biyu ce tsakaninmu da asibitin da ake ba da magani. Wata ɗaya da ya wuce maigidana ya kwanta, ga zazzaɓi ga rama, aka auna jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar HIV. Washegari aka auna ni, aka ce babu. An ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum, har ya soma murmurewa. Yanzu yana nemana a shimfiɗa, ya ce tunda yana shan magani ba sai da kwaroron roba ba, wai shekara 7 ban ɗauka ba, ai jinina ne mai ƙarfi. Na ƙi, har mun fara samun saɓani. Ba na son rabuwa da shi, amma fargaba ta hana ni barci, musamman saboda yaron da nake shayarwa. Sakamakon nan nawa gaskiya ne? Zan iya zama da shi ban kamu ba? Haihuwa kuma shi ke nan? Ban gaya wa kowa ba, don a nan magana ba ta kwana.

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya kwantar miki da hankali. Kin yi daidai da kika dakata. Za ki iya zama da mijinki har tsufa ba ki kamu ba, ku kuma ƙara haihuwa, amma watanni shida na farko da fara shan maganinsa su ne wurin taka tsantsan.

Maganar jini mai ƙarfi ki ajiye ta gefe. Ba kowace saduwa ce ƙwayar ke samun shiga ba. A ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, idan namiji na ɗauke da ita kuma ba ya kan magani, mace takan kamu a kusan saduwa 8 cikin 10,000. Shi ya sa ake samun ma'aurata da yawa irinku. Sai dai lissafin yana taruwa ne dare bayan dare, kuma yana hauhawa idan ƙwayar ta yi yawa a jinin miji, kamar wanda ciwo ya riga ya kayar, ko idan ɗayanku yana da ƙurji ko gyambo a al'aura. Juna biyu da watannin bayan haihuwa ma suna ƙara wa mace saurin kamuwa.

Sakamakonki kuwa gaskiya ne, amma bai kammala ba. Gwajin da ake tsira yatsa ba ƙwayar kanta yake gani ba, martanin da jiki ya mayar mata yake nema, shi kuma yakan ɗauki har kwana 90 kafin ya bayyana. Ki ƙirga daga ranar da kuka yi saduwar ƙarshe babu kariya, ki sake gwaji idan ta cika wata 3. Wannan ya shafi yaron kai tsaye: uwar da ta kamu sabo tana shayarwa, ƙwayar takan yi mata yawa a jini da nono a makonnin farko, lokacin da ita kanta ba ta sani ba. Kada ki yaye shi saboda tsoro. Ki ci gaba da ba shi nono, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa shayarwa kike yi, za su riƙa auna ki akai-akai. Muddin ke ba ki da ita, yaranki ba su sha ta daga gare ki ba.

Maigida yana da rabin gaskiya. Magani yana kare matar mai shan sa, kuma an tabbatar da haka. Binciken HPTN 052, wanda aka yi da ma'aurata 1,763, ya nuna a 2011 cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar da kashi 96 cikin 100. Binciken PARTNER na 2016 ya ƙirga saduwa kusan 58,000 babu kwaroro tsakanin waɗanda magani ya danne ƙwayar a jininsu da abokan zamansu, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Inda ya kuskure shi ne lokaci. Dawowar ƙiba da cin abinci ba sa nuna ƙwayar ta kwanta. Abin da ke nunawa shi ne gwajin yawan ƙwayar a jini, wanda a asibiti za ki ji suna ce masa bayiral lod. Akan yi shi bayan wata 6 da fara magani, a maimaita a wata 12, sannan duk shekara. Idan takardar ta nuna yawan ƙwayar bai kai 200 ba a kowace mililita ta jini, ko aka rubuta ba a gano ta ba, kuma ya ci gaba da sha kullum, ba zai sa miki ita ta saduwa ba. Ki ga takardar da idonki.

Kafin nan, kariya biyu gare ki. Kwaroron roba sabo a kowace saduwa, a sa shi tun daga farko, a matse iskar da ke bakinsa. Kada a shafa masa mai ko man shafawa, suna cin robar ta fashe. Mai santsi na ruwa ake amfani da shi. Kada kuma a ajiye shi inda zafi ke dukansa. Na biyun shi ne wanda na fi so ki nema gobe-goben nan, domin a hannunki yake: maganin riga-kafi da ake kira PrEP. Ƙwaya ɗaya ce kullum mai ɗauke da tenofovir, ana ba wanda ba shi da cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai ciki da mai shayarwa su sha. Sai kin yi kwana 7 kina sha a jere kafin ki dogara da shi, ana kuma sake auna ki duk wata 3. Wasu wuraren suna da na allura, ki tambaya. Idan kuwa kwaroro ya fashe, ko aka sadu babu kariya alhali ba ki kan PrEP, akwai maganin gaggawa, PEP, da ake sha kwana 28. Dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a ranar farko. Da nisan da ke tsakaninku da asibiti, kada ki tsaya jiran a samu hali.

A karkara abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne yankewar magani. Mutum ya ji sauƙi ya ajiye, ko kuɗin mota ya gagara, ko damina ta datse hanya, ko ya ɓoye kwalbar don kada baƙi su gani har ya manta da ita. Cikin mako ɗaya zuwa biyu da dainawa ƙwayar na iya dawowa jini, fuskarsa kuma ba za ta nuna miki komai ba. Ku tsayar da lokaci guda na sha, ku koma karɓa tun saura na mako ɗaya, idan ya daidaita ku roƙi a riƙa ba shi na wata 3 ko 6 a tafiya ɗaya. In maganin nasa TLD ne, wanda aka fi bayarwa yanzu, maganin ƙwannafi da ƙwayoyin ƙarin jini suna hana sinadarin dolutegravir da ke cikinsa shiga jiki sosai: ya sha nasa awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Idan aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, ya faɗa a asibitin, domin akan ƙara masa dolutegravir. Duk mai jiƙe-jiƙen da ya ce masa ya warke ya bar na asibiti, ku biyu yake jefawa cikin haɗari.

Kwano ɗaya, bayi ɗaya, gumi, yawu da cizon sauro ba sa yaɗa ta, don haka kada ki ware masa komai. Reza, allura da buroshin haƙori ne kowa ya riƙe nasa. Gwajin kuma ba ya faɗin yaushe ko ta ina ya same ta, tana iya shekaru a jiki shiru, wataƙila tun kafin aurenku. Duk wata mace da ya kusanta tana da haƙƙin a auna ta.

Haihuwa ku jinkirta ta har takardar nan ta fito da kyau, daga nan za ku iya neman ciki yadda kowa ke nema, ke kina kan PrEP idan kin fi samun natsuwa da shi. Ranar da zai koma karɓar magani ki raka shi, ki nemi ma'aikacin ya zaunar da ku tare ya faɗa masa maganar wata shidan da bakinsa, ya rubuta muku ranar gwajinsa da taki. Idan ya kai ga tilasta miki ko ɗaga miki hannu, ki sanar da ma'aikaciyar lafiya a keɓe ba tare da ɓata lokaci ba. Riƙe sirrinku yana cikin aikinta.